Wanda ya bi hannun da za a rufe har ƙarshe, mai wayo ne ko mai gaskiya?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Ƙorafi na kawo, kuma ina so a yi mini alƙalanci, don tun jiya abin yake cina. Ana gyaran titi, hannu biyu ya koma ɗaya. Tun daga nesa aka kafa allo cewa hannun dama zai ƙare a gaba. Ina gani na kunna sigina na koma hagu, na bi layi kamar kowa. Minti ashirin muna jan ciki, taku ɗaya birki ɗaya, hannun dama kuwa fayau ba kowa. Sai ga wata farar mota ta zo fiii ta wuce mu, mun kai mota hamsin, ta je har bakin duromomin da aka tare hanya da su, ta kunna sigina, wani bawan Allah ya buɗa mata ta shige. Bayanta wata, bayanta wata. Da na iso wurin wani ya sako mini hancin motarsa, ni kuwa na manne da bambar na gabana na hana shi. Yana ta ɗaga mini hannu, na ɗauke kai. Da na ba maigidana labari sai ya ce wai ni ce ban kyauta ba. Don Allah wa ya yi rashin ta ido a nan?

Ba Sani Ba Sabo: Wa alaikumus salam. Hajiya, daidai kika yi, Allah ya ƙara miki ƙarfin zuciya. Shi ne yake da wurin zuwa, mu da muka bi layi zaman banza muka fito yi? Ni idan na hango irinsu a madubi, raba motata nake yi a tsakiyar hannuwan biyu, in ga ta inda zai wuce.

Mai Babur: Nima haka na gani. Tsallake layi tsallake layi ne, ko a ƙafa ko a mota.

Injiniyan Hanya: Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, maigidanki ya fi kusa da gaskiya. Ɓacin ranki a kan hanya yake, amma ba mai farar mota ne ya jawo shi ba.

Ku ɗauki wurin da hanya ta matse kamar mazurari. Abin da zai wuce ta bakinsa ƙayyadadde ne. Idan kowace mota ta bar tazarar daƙiƙa 2 tsakaninta da ta gabanta, a awa ɗaya mai daƙiƙa 3,600 mota 1,800 ne za su wuce ta hannu ɗaya. A wurin aiki ma ba a kai haka, saboda an rage gudu, hanya ta ƙuntata, kowa yana leƙen masu aiki. To a ce misali motoci 2,400 ne suke zuwa a awa. Rarar 600 ɗin nan ina za su je? Dole su taru a baya. A ba kowace mota mita 7, ita da ɗan filin gabanta: idan duk suka jeru a hannu ɗaya, layi ya haura kilomita 4. Idan suka rabu a hannu biyu, kilomita 2 da ɗoriya. Motocin su ne dai, jiran kusan ɗaya ne, amma wutsiyar layin ta ragu da rabi.

Kuma wannan wutsiyar ita ce matsala. Ita ce take komawa baya ta toshe mararraba, ta toshe mafita, ta tsare mutumin da ko wurin aikin ba zai bi ba, kwana kawai zai yi kafin nan. Kwalta ce aka shimfiɗa don a taka, mu da kanmu muka bar rabinta ba kowa, sannan muna jin haushin wanda ya taka.

Ba Sani Ba Sabo: Injiniya, lissafi daban, tarbiyya daban. Ka bar maganar kilomita. Na riga shi zuwa ko ban riga shi ba?

Injiniyan Hanya: Ka riga shi, ranka ya daɗe. Amma me ya ba shi damar wuce mota hamsin? Hannun da kuka bar masa fayau. Da tun farko rabinku suna dama rabi suna hagu, da ya zo ya tarar da layi a ko'ina, ya tsaya a bayan wanda ya riga shi. Idan hannuwan biyu suka cika, babu mai wuce wani. A bakin matsin sai a riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, ɗaya daga hagu ɗaya daga dama, kamar haƙoran zif. Adalcin da kake nema, a nan ake samunsa. Komawa hannu ɗaya da wuri shi ne yake raba mutane gida biyu, masu haƙuri da masu cin haƙurinsu.

Mazaunin Jamus: Bari in sa baki. A nan inda nake wannan ba shawara ba ce, doka ce, tana sashe na 7 na dokar hanyarsu. Sunan da suke kiranta ma ma'anarsa tsarin zif. Tun 2001 aka fito da ita ƙarara cewa shigar a daidai bakin matsin ake yinta, ba tun daga nesa ba, kuma wanda yake hannun da bai ƙare ba wajibi ne ya bari a shiga. Beljiyam ta mayar da shi doka a watan Maris na 2014, Poland a Disamban 2019. A ƙasashen nan biyu har sun tanadi yadda za a yi idan hannu uku ya koma na tsakiya kaɗai: na dama ya fara shiga, sai na hagu, sai na tsakiya ya ci gaba.

Lokacin da na zo sabo, halin Hajiya ne da ni sak. Ina ganin allo sai in kunna sigina tun saura mita ɗari biyar, in tsaya cak ina roƙon a ba ni hanya, fili shimfiɗe a gabana. Na bayana suna ta danna mini hon, ni kuma ina cewa a raina mutanen nan ba su da mutunci, ina ƙoƙarin bin doka suna hantarata. Sai da wani abokin aiki ya zauna a gefena wata rana ya ce, kai wa ya ce ka tsaya a nan, je ka har ƙarshe mana. Ashe ni ne mai tare hanya.

Uwar Biyu: Ikon Allah. Wato a can da ni za a ci tara kenan?

Mazaunin Jamus: Idan aka kama ki kin hana shi shiga da gangan, e. Amma kada in yi musu ƙarya, su ma akwai masu mannewa su ƙi. Ɗan Adam ɗaya ne a ko'ina. Bambancin kawai a nan mai ƙin ya san shi ne a kan kuskure.

Tsohon Direba: Yara, na karanta duk abin da kuka rubuta. Shekarata talatin da 'yan kai ina jan tirela. Maganar Injiniya gaskiya ce amma rabinta ya faɗa, kuma rabin da ya bari shi ne mai kashe mutane.

Wannan zif ɗin naku na lokacin cunkoso ne, lokacin da motoci suke tafiyar hawainiya. Idan hanya a buɗe take ana gudu, ka ga allo, ka ga fili a ɗaya hannun, to ka shiga tun da wuri cikin natsuwa. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin idonka ya gaya wa ƙafarka ta taka birki ka shafe tsawon tirela da wani abu. Wanda ya kai bakin durom da wannan gudun yana neman wurin shiga, ba zif yake yi ba, caca yake da ransa da na wasu.

Na biyu, don girman Allah ku daina yanko gaban babbar mota. Filin da kuke gani na bari a gabana ba kyauta ba ce na ajiye muku, wurin tsayawata ne. Ina ɗauke da tan talatin ko arba'in, birkina na iska ne, sai ya ɗan ɗauki lokaci kafin ya kama, idan ya kama ma nauyin yana turo ni. Wata rana wata ƙaramar mota ja ta shigo mini ta gefen da ba na zaune, dab da tayar gaba. Wallahi ban gan ta ba. Wurin nan madubi ba ya nuna shi, kan motar ya rufe shi. Yaron motata ne ya daka tsawa, na taka birki har kayan baya suka yi ƙara. Da na leƙa, tsakanin bambata da ƙofarsa bai fi tafin hannu ba, ga yara biyu a kujerar baya suna kallona. Na kai awa ɗaya ƙafata tana rawa a kan totur. In za ka shiga gabana, ka tabbata ka ga fuskata a madubina ko ka ga fitiluna biyu a madubinka, sannan ka shiga, kuma kada ka shiga ka taka birki.

Injiniyan Hanya: Baba, na karɓi gyara, kuma dokokin ma haka suka ce. Littafin ƙa'idar hanya na Birtaniya, a doka ta 134, ya yarda da shiga bi da bi ne kawai idan motoci suna tafiya a hankali sosai, kamar wurin gyaran hanya ko inda aka yi hatsari, ya kuma ce ba a so a yi shi ana gudu. Hukumar sufuri ta jihar Minnesota a Amurka, wadda ta daɗe tana wayar da kan direbobi a kan wannan tsari, ita ma haka take koyarwa: in hanya tana tafiya, shiga da wuri, in ta cushe, cika hannu biyu. Su ne suke cewa tsarin yana iya rage tsawon layi har da kashi 40 cikin ɗari.

Mai Babur: To in dai yana rage layi haka, ai kenan ana saurin wucewa?

Injiniyan Hanya: A nan mutane suke zuzuta abin fiye da ƙima. Tsawon layi ne yake raguwa, bakin mazurarin yana nan yadda yake. Ba za ka isa gida da rabin lokaci ba. Ribar da ake samu a lokaci ita ce ta rashin tsaye-tsaye: idan kowa ya san wurin shiga ɗaya ne kuma ya san bayan wa zai shiga, motoci suna gangarawa ba tare da an tsaya cak ba. Idan kuwa wannan ya kutsa a nan, wancan ya kutsa a can, kowace kutsawa birki ce, kowace birki kuma tana komawa baya tana girma.

Akwai gwajin da wasu masana a Japan suka yi, Yuki Sugiyama da abokan aikinsa, aka buga a 2008. Sun sa mota 22 a kan da'ira mai tsawon mita 230, suka ce kowa ya riƙe gudun kilomita 30 a awa. Babu danja, babu rami, babu mai shigowa. Ba a jima ba cunkoso ya haihu da kansa, wasu motocin har tsayawa suke yi. Wani ya ɗan sassauta, na bayansa ya taka birki fiye da shi, na bayan wancan ya fi shi, shi kenan. Kuma cunkoson baya yake tafiya, kishiyar inda motocin suka nufa, da gudun kusan kilomita 20 a awa. To in haka ta faru ba tare da dalili ba, ina ga wurin da mutum yake manne da bambar wani don kada a shiga gabansa? Hajiya, ba da ke nake ba.

Uwar Biyu: Da ni kake mana, Injiniya, faɗi kanka tsaye. Ni dai har yanzu zuciyata ba ta yarda ba. Kaina ya gane, amma in na tuna yadda ya wuce mu fiii ɗin nan sai in ji wani abu ya tokare ni.

Malamin Tuƙi: Hajiya, wannan fiii ɗin kuwa laifi ne, kada lissafin Injiniya ya wanke shi. Bin hannun da ba kowa halal ne, amma sheƙa gudu a gefen layin da yake tsaye ganganci ne. A cikin layin nan akwai wanda zai gaji ya fito ba tare da ya duba madubi ba, akwai mai buɗe ƙofa, akwai mai tsallakawa a ƙafa ta tsakanin motoci. Abin da nake koya wa ɗalibaina, in kana hannun da zai ƙare, gudunka kada ya fi na layin da kaɗan, kana matsowa kana daidaita tafiyarka da tasu, sigina a kunne, ka zaɓi motar da za ka shiga bayanta, ba wadda za ka shiga gabanta ba. Wannan ɗan bambancin yana canza yadda mutum yake tuƙi gaba ɗaya. In an ba ka hanya ka ɗaga hannu. Ɗaga hannun nan ba ya cin mai, amma sau da yawa shi ne yake sa a ba na bayanka.

Mai hannun da bai ƙare ba kuma mota ɗaya ake nema a wurinsa. Ɗaya tak. Ba a ce ka tsaya ka zama mai gadin ƙofa kowa ya wuce ba, wannan ma zalunci ne ga na bayanka.

Ba Sani Ba Sabo: Yauwa, Malam, ka zo inda nake jira. Ka ba ɗaya, sai na bayansa ya manne masa su shige su uku kamar an ɗaure su da igiya. Wannan fa?

Malamin Tuƙi: Wannan shi ne ɓarawon layi na gaskiya, shi da mai sauka daga kwalta ya bi gefen hanya ya zagayo, da mai shiga hannun masu tahowa. Waɗannan ba wanda zai kare su. Amma Alhaji, raba mota a tsakiyar hannu biyu da ka ce kana yi, shi ma a sahunsu yake. Ba ka san wa ka tare ba. Wataƙila mai kwana ne a mafitar da take gaba kaɗan, wataƙila motar asibiti ce take tahowa a baya. Kuma ba aikinka ba ne hukunta mutane da motarka.

Ba Sani Ba Sabo: Motar asibiti ai da jiniya take zuwa, zan kauce.

Tsohon Direba: Ka kauce zuwa ina, Alhaji, bayan layin da ka haddasa ya kai kilomita? Ba kai za ta fara tararwa ba, wutsiyar za ta tarar. Mu ma manyan motoci muna da masu wannan halin, biyu su jera kafaɗa da kafaɗa su toshe hanya wai suna gyara tarbiyyar ƙananan motoci. Na yi a ƙuruciya, ba na alfahari da shi.

'Yar Koyo: Don Allah ina da tambaya, wata na uku da fara tuƙi. Ni matsalata ba wurin gyaran hanya ba ce, wurin hawa babban titi ne daga ƙaramar hanyar da take haɗewa da shi. Ina zuwa sai tsoro ya kama ni in tsaya a ƙarshe, motoci suna ta wucewa kamar harsashi, na baya suna hon. Shi ma ɗaya bayan ɗaya ne?

Malamin Tuƙi: A'a ƙanwata, wannan daban ne, kuma gara da kika tambaya. A nan masu kan babban titi su ne da hanya, ke ce mai neman shiga. Wannan ɗan hannun da aka shimfiɗa a gefe an yi shi ne don ki ƙara wuta har gudunki ya yi daidai da nasu. Tun daga farkonsa ki kunna sigina, ki dubi madubi, ki waiga ta kafaɗa saboda wurin da madubi ba ya kamawa, ki zaɓi fili, ki shige da gudun da suke yi. Tsayawa a ƙarshe ita ce mafi wuya, don daga tsaye kike son shiga cikin masu gudun 80 ko 100, kina buƙatar fili ninkin ba ninkin. Ki samu wanda ya ƙware ya zauna gefenki, ku je lokacin da hanya ba cunkoso, ku maimaita sau biyar ko shida. Sai dai in babban titin shi ma ya cushe ana jan ciki, to a nan an dawo maganar bi da bi.

Mazaunin Jamus: A Ostireliya sun raba abin ta zanen titi. In layukan motoci biyu suka haɗe babu zane a tsakani, wanda hancin motarsa yake gaba shi ne da hanya. In kuwa sai ka tsallaka zane kafin ka shiga, kai ne mai jira. A New Zealand kuma allo suke kafawa a wurin, an rubuta a haɗe kamar zif.

Injiniyan Hanya: Allon nan shi ne rabin maganin. Yawancin rigimar nan laifin alama ce. An ce maka hannu zai ƙare, ba a ce maka a ina za ka shiga ba, sai kowa ya yanke wa kansa hukunci, mai kunya ya shiga da wuri, marar kunya ya je ƙarshe, su haɗu suna zagin juna alhali ba wanda ya karya abin da aka rubuta. Inda aka sa allo biyu, na farko ya ce a yi amfani da hannu biyu, na biyu ya ce a shiga a nan bi da bi, faɗan yana raguwa, don an cire wa mai zuwa ƙarshe sunan mai wayo.

Game da tambayar ƙanwarmu kuma, wasu biranen danja suke sawa a bakin hanyar hawa babban titi, tana sakin mota ɗaya ɗaya. A Chicago aka fara a 1963. A shekarar 2000 mutanen Minnesota suka yi ta ƙorafin jiran danjojin, aka kashe su duka, sama da 400, na tsawon mako takwas don a gani. Hatsari ya ƙaru da kashi 26 cikin ɗari, lokacin tafiya a kan manyan titunan ya ƙaru da kashi 22. Aka mayar da su, da ɗan sassauci.

Mai Babur: Mu dai masu ƙafa biyu ba a lissafa mu a zif ɗin nan. Mota ta ba mota hanya, in ni ne sai a matse ni da durom.

Malamin Tuƙi: Haƙƙinka ɗaya da na mota, gurbi guda ne naka. Amma ka tsaya a tsakiyar hannu inda za a gan ka, ka shiga idan layi ya zo kanka kamar kowa. In ka saɓa ta tsakanin motoci biyu daidai lokacin da suke haɗewa, kowannensu ɗayan yake kallo, ba kai ba.

Uwar Biyu: To na ji. Gobe ma ta nan zan bi, aikin bai ƙare ba. Amma ku gaya mini gaskiya, in na bi hannun daman nan ni kaɗai har ƙarshe, alhali kowa yana hagu, ba ni ce zan zama farar motar ba? Irin su Alhaji za su raba mota su tare ni.

Ba Sani Ba Sabo: Hajiya, in ke ce zan buɗa miki. Mota ɗaya fa, kada ki jawo mini ƙawayenki.

Tsohon Direba: Ki bi a hankali, 'yata, kamar gudun mai keke, kada ki wuce su fiii. Za ki ga wasu sun fito sun biyo bayanki, dama jira suke wani ya fara. In kin kai bakin durom aka hana ki, kada ki yi jayayya, ki bar shi ya wuce, na bayansa ko na bayan wancan zai ba ki. In tirela ce a wurin, ki bari ta wuce ki shiga bayanta.

Uwar Biyu: Allah ya kai mu. Maigidan dai ba zan nuna masa wannan hirar ba.